Fararen tabon ruwa a jikin mota: me ke fitar da su ba tare da an ci fenti ba?

Mai Baƙar Mota: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Motata baƙa ce, ruwan da ake wanke ta da shi kuma na burtsatse ne, mai zartsi. Yanzu bonet da rufi sun cika da wasu fararen ɗige-ɗige masu zobe-zobe, har gilashin gaba bai tsira ba. An sake wankewa da sabulu, suna nan daram. Wani ya ce in kai a sa mata injin folish. In kai?

Direban Dogon Zango: Wa'alaikumus salam. Dakata da maganar inji tukuna, ɗan'uwa. Samo farin khal, ka haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir. Ruwan zalla nake nufi, ba asid ba. Wanke motar da farko, ka kai ta inuwa, ka taɓa ƙarfen ka ji ya huce. Sai ka jiƙa tawul mai laushi da haɗin, ka shimfiɗa a kan wurin minti ɗaya zuwa biyu, ka goge a hankali, ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Kar ka bari khal ɗin ya bushe a jiki. Fara gwadawa a wani lungu da ido bai cika kaiwa ba.

Malamin Kimiyya: Maganar Direba na kan hanya, bari in ƙara dalili. Ruwan zartsi ɗauke yake da kalsiyam da magnesiyam da ya narkar daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana lissafa ruwa a matsayin mai zartsi idan ma'adinan sun kai miligiram 121 zuwa 180 a kowace lita, abin da ya haura 180 kuwa mai tsananin zartsi ne. In ɗigon ruwa ya bushe, ruwan ya tafi, ma'adinan suna nan. Shi ne dai farin ɓawon nan da ke kama gindin butar dafa ruwa. Sabulu ba ya narkar da shi, tsami ke narkar da shi, kuma khal na kasuwa yana da kusan kashi 5 cikin ɗari na asid mara ƙarfi. Shi ya sa yake aiki. Amma ka sani, khal zai tafi da duk wani kakin kariya da ke jikin fentin, dole ka sake shafa wani bayan ka gama.

Mai Baƙar Mota: Allah ya saka da alheri, Malam. To in na yi hakan bai fita ba fa?

Baba Mai Fenti: Yaro na, tabon ruwa ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane ke ɓata motocinsu. Akwai wanda ke zaune a saman fenti kawai, wannan khal ya ishe shi. Akwai wanda ya manne ya yi kaushi. Akwai kuma wanda rana ta gasa har gefen ɗigon ya ci cikin kiliya, wato shafin nan mai sheƙi da ke saman launi.

Ga yadda za ka bambance. Bayan ka wanke ka tsane, sa hannunka cikin leda mara kauri ka shafa bonet ɗin. In ka ji gurji-gurji kamar akwai yashi, abu ne ya manne a sama. Wannan aikin yumɓun goge mota ne: ka fesa ruwan shamfu sosai don ya yi santsi, ka riƙa kai da kawowa ba tare da dannawa ba, kana ninke yumɓun duk sanda ya yi datti. In ya faɗi ƙasa ka jefar, ya riga ya kwashi tsakuwa. In kuwa wurin ya yi sumul a hannu amma ka haska fitila daga gefe ka ga zoben yana nan, ya lotsa kaɗan, to ya ci kiliya. A nan ne folish ke da hurumi, ba kafin nan ba.

Abin da ya sa nake jan kunne: kiliyar da ke zuwa daga kamfani ba ta cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Folish ba cike ramin yake yi ba, kankare kewayensa yake yi har su daidaita. Duk zagaye ɗaya ka rage abin da ba ya dawowa. In kiliya ta ƙare, rana za ta kama launin kai tsaye, sai fenti sabo. Ka nemi mai aikin da zai fara da folish mafi laushi, in yana da na'urar auna kaurin fenti ma ya fi.

Ɗan Wankin Mota: Baba, tare da girmamawa, khal yana da jinkiri. Akwai magungunan tabon ruwa na kwalba, shafawa ɗaya sun fita. Mu da su muke aiki.

Malamin Kimiyya: Akwai masu kyau a cikinsu, ba musu. Amma ƙanena, don Allah ka riƙa karanta abin da aka rubuta a bayan kwalba. Wasu, musamman na wanke rim, suna ɗauke da asid ɗin haidirofulorik ko danginsa. Wannan yana cin gilashi, yana kuma ratsa fata ba tare da ka ji zafi nan take ba, ya je ya kama kalsiyam ɗin jiki. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke ciki ba, kar ka sa hannunka. Ko da mai sauƙin ne, ka sa safar hannu ta roba.

Ɗan Wankin Mota: Na gode Malam, zan duba namu yau ɗin nan.

Hajiya Mai Jar Mota: Ni tambayata kan kariya ce. An ce in an yi wa mota shafin siramik, wannan mai daskarewa ya yi tauri a kan fenti, shi ke nan an rabu da tabon ruwa. Gaskiya ne, Baba?

Baba Mai Fenti: Ba gaskiya ba ne, Hajiya. Siramik yana daɗewa, shekaru yake yi in an kula da shi, yana sauƙaƙa wanki, datti ba ya kama shi sosai. Amma yana sa ruwa ya dunƙule ya tsaya ƙwallo-ƙwallo, in an bar shi ya bushe a rana kowane ƙwallo zai bar zobensa. Amfaninsa shi ne tabon kan shafin yake sauka maimakon kan kiliya. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Barazil, yana ba da sheƙi mai zurfi, musamman a baƙa da ja, amma makonni yake yi zuwa wata biyu, zafi na cinye shi. Shafin kariya na roba da ake haɗawa a masana'anta ya fi shi jimiri, yakan yi watanni. Ni a ganina, mai wanke motarsa a gida wannan na robar ya fi masa dacewa. Fenti mara sheƙi kuwa ba a sa masa folish ko kaki ko kaɗan, yana da nasa kayan.

Direban Dogon Zango: Duk wannan magani ne bayan ciwo ya kama. Abin da ke hana shi tun farko tsanewa ce. A wanke da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba, ba kuma injin motar na da zafi ba. A bi ɓangare-ɓangare daga rufi zuwa ƙasa, ana ɗauraye kowanne kafin a wuce. Bokiti biyu, ɗaya na shamfu ɗaya na ɗauraye soso. Garin sabulun wanki da na wanke-wanke a bar su, suna kwashe kaki. Da an gama, a ɗauko tawul ɗin maikirofaiba babba, wato mai laushin nan mai shan ruwa, a tsane nan take, har ƙarƙashin madubi da hannun ƙofa da bakin but, don can ruwa ke ɓuya ya zubo daga baya ya ja farin layi. Wanda zai iya, ya yi ɗaurayen ƙarshe da tataccen ruwa a 'yar kwalbar feshi. A kuma kula da inda ake ajiye mota: kusa da bututun ban ruwan fulawa ko ƙarƙashin tankin da ke ɗiga, kullum sai sabon tabo.

Mai Baƙar Mota: Na fahimta sarai. Saura gilashin gaba, da dare fitilar masu zuwa tana watsuwa a kansa har tana kashe min ido.

Baba Mai Fenti: Gilashi ya fi fenti juriya, khal zai iya ɗan jimawa a kansa, amma ka tare kar ya gangaro kan roba da fenti. In ya ƙi, akwai folish na gilashi mai sinadarin siriyam. Ta waje kaɗai za ka yi, kar ka taɓa ciki in akwai tinted, ledarsa za ta karce. Ka goge robar waifa ita ma, tana riƙe farin dattin tana mayar da shi. Wata tambaya: an taɓa yi wa bonet ɗin sabon fenti kwanan nan?

Mai Baƙar Mota: A'a Baba, na kamfani ne.

Baba Mai Fenti: To madalla, ka ci gaba. Da sabon fenti ne sai ka jira wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa kafin kaki ko siramik su hau shi. Fara da khal a rabin bonet, ka ɗauko hotonsa da fitila daga gefe ka turo mu gani.