Land Cruiser ko Range Rover: wa ke nadama bayan saye?

Alhaji Bala: Na faɗa kuma ina nan a kan bakana. In za ka sayi babbar jif a ƙasar nan, ka ɗauki Land Cruiser ko Lexus LX, duka na kamfanin Toyota. Duk wanda ya ɗauki wata, daɗin 'yan watanni zai ji, sauran rayuwar motar a gareji.

Hajiya Rabi: Alhaji, wannan magana ta yi faɗi. Wanda ya taɓa doguwar tafiya a Range Rover ya san ba ɗaya ba ne. Ga laushin kujera, ga shiru, ga yadda take haɗiye ramuka. Mai kashe irin wannan kuɗi hutu ya saya, kuma yana samunsa.

Usman Makanike: Hajiya, abin da ke haɗiye ramukan nan jakar iska ce ta roba a kowace ƙafa, da kwamfiresa mai hura su. Zafi da ƙura suna cin robar. Ranar da ɗaya ta fara yoyo, za a wayi gari motar ta durƙusa gefe guda, in aka ƙyale ta kwamfiresan ya yi ta aiki har ya ƙone. Kayan Toyota kuwa, mutum ya leƙa Kofar Ruwa ya dawo da su a ranar. Na waccan sau da yawa sai an yi oda, mota na ajiye ana jira.

Yusuf: Kawu Bala, da girmamawa, Toyotar da kuke yabo ta da ce. Tun 2021 da Land Cruiser 300 ta fito aka ajiye injin V8 mai silinda takwas, aka sa V6 mai silinda shida da turbo biyu. Haka ma LX 600. A 2024 kamfanin da kansa ya nemi a dawo da motocinsa ƙirar Tundra da LX 600 kimanin 102,000 a Amurka domin gyara, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage cikin inji tun daga masana'anta. Suna kaɗai ba ya wadatarwa yanzu.

Alhaji Bala: Ai shi ya sa ban bar LX 570 ba, ɗana. Inji mai lita 5.7, babu turbo, babu fargaba. Kuma ko gobe na kai ta wurin dillalai, kafin la'asar an taya.

Hajiya Rabi: To man fa? Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, mai V8 yana ji a jikinsa duk sanda ya shiga gidan mai. Wannan ma ai cikin gamsuwa yake.

Usman Makanike: Gaskiyarki. Kuma Alhaji, ita ma LX 570 ƙafafunta da man haidirolik suke ɗagawa da sauka, yana da lokacin canji, mutane ba sa yi. Ni yawancin masu kukan da nake gani ba sunan mota ya cuce su ba. 'Yar gwanjo aka kawo musu wadda ta yi haɗari ko ta sha ambaliya, aka yi mata fenti aka goge. Irin wannan, ko wane kamfani ya ƙera ta, wayoyinta ba za su bar ka ka huta ba.

Alhaji Bala: Duk da haka, in an jera biyu masu lafiya, Toyota zan miƙa wa hannu.

Yusuf: Oga Usman, akwai wata mota ƙirar 2019 da Yaya ke so ya taya. Zan turo maka lambar chassis ɗinta yanzu, ka duba mana tarihinta kafin ya biya.