Ta yaya bairos ke kassara furotin ɗin da tantani ke kare kansa da su?

Ɗalibar_Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Wani abu ya shige mini duhu. An ce tantanin jikin mutum yana da nasa furotin na tsaro, irin su APOBEC3G da tetherin. To me ya sa ƙwayar HIV ke hayayyafa kamar ba sa nan? Kuma yaya ake ganin haka a ɗakin gwaji?

Malam_Bairoloji:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Suna nan kuma suna aiki, sai dai ƙwayar ta zo da makarin kowannensu.

Ɗauki APOBEC3G, wanda aka gano aikinsa a 2002. Yana laɓewa ne cikin sabuwar ƙwaya lokacin da take fita daga tantani. Da ta shiga tantani na gaba ta fara juya RNA zuwa DNA, sai ya riƙa mayar da harafin C zuwa U a cikin rubutun ƙwayoyin halittarta. Daga nan G ya koma A a wurare barkatai, rubutun ƙwayar ya dagule. Makarinsa shi ne Vif, wani furotin da HIV ke yi. Abin da ke burge ni, Vif ba ya lalata shi da kansa. Riƙe shi yake yi, ya jawo Cullin5 da Elongin B da C da CBF-beta, waɗanda duk kayan tantanin ne. Wannan haɗakar ce ke manna wa APOBEC3G tambarin ubikwitin, wato alamar a lalata shi, sai injin niƙa furotin na tantanin ya markaɗe shi. Da ɗan gari kan ci gari.

A gwaji, ki lura da tantanin da ya haifi ƙwayar, nan ake yawan kuskure. Ƙwayar da aka cire wa Vif, in an noma ta a tantanin gwaji na H9, mai ɗauke da APOBEC3G, za ta fito da yawa kamar lafiyayya, amma ba ta iya kama wani tantani. A tantanin SupT1 ko 293T kuwa lafiya lau take, domin ba su da APOBEC3G na kirki. Ki zuba MG132 mai tsayar da injin niƙan, za ki ga APOBEC3G ya dawo ko da Vif na nan.

Malama_Tantani:
Malam ya yi bayani. Bari in ƙara kan tetherin, wanda aka bayyana aikinsa a 2008. Ƙafa biyu gare shi, ɗaya a fatar tantani, ɗaya a fatar ƙwayar, sai ya ɗaure ta kamar akuya a turke. A tantanin gwaji na HeLa, in babu Vpu, wato furotin ɗin HIV-1 mai kawar da tetherin, za ki ga ƙwayoyi sun yi cincirindo a bayan fatar, sun kammalu amma sun kasa tafiya. Ki sa subtilisin, wani sinadari mai yanka furotin, ya yanke igiyar, nan take su saku.

Dangin ƙwayar da ke jikin birai yawanci da furotinsu Nef suke kawar da tetherin. Tetherin na mutum ya rasa amino asid 5 daidai inda Nef ke kamawa, don haka Vpu ya karɓi aikin a rukunin M na HIV-1, rukunin da ya game duniya. Ita HIV-2 da furotin Env take yi.

Abu_Furotin:
Ba kowane bairos ne ke bin hanyar niƙa ba. Na ciwon hanta nau'in C yanka yake yi: furotinsa NS3/4A na datse MAVS, furotin ɗin tantani mai isar da saƙon tsaro, sai saƙon intaferon, mai faɗakar da jiki game da bairos, ya mutu a hanya. Bairos ɗin vaccinia kuma yaudara: furotinsa K3L na kwaikwayon eIF2-alfa na tantani, sai PKR, mai gadin da ke kama eIF2-alfa don tsayar da ƙera furotin, ya kama na bogi ya bar na gaske.

Kuma 'yar'uwa, ki duba gurbi na 128 a jerin amino asid na APOBEC3G. Na mutum aspartik asid ne, na koren birin Afirka laisin. Wannan bambanci ɗaya tak ya isa ya hana Vif na HIV-1 kama na birin.