Wace kalma za mu ba gyaran sabuwar bindigar iska kafin ta fara harbi daidai?

Ƴan uwa masu sha'awar harbi, a nan Tawa duk wanda ya sayi sabuwar bindigar iska, wadda ake karya bututunta a ɗana ta sannan a sa ƙwayar darma, za ka ji yana cewa zai yi mata "regilaji", kalmar da muka ara daga Faransanci muke kuma amfani da ita ga rediyo da injin babur da kusan kowace na'ura. A ganina kalmar ta yi faɗi da yawa, domin ta haɗe ayyuka biyu da ba a yin su lokaci ɗaya, kuma wanda ya haɗe su yakan ɓata darmarsa a banza.

Aiki na farko shi ne barin bindigar ta zauna. Sabuwar bindiga mai sifirin tana zuwa da man masana'anta a cikinta, kuma idan fistan ya matse iska da ƙarfi sai zafin ya ƙona wannan man, a ji ƙara mai kaifi, a ga ɗan hayaƙi a bakinta, ƙwayar kuma ta fita da gudun da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai an yi harbi ɗaruruwa kafin man ya ƙare, sassan su goge juna, kunamar ta yi laushi. Makanikai suna kiran irin wannan "rodaji", kuma babu laifi a kalmar, amma ni na fi son "horo", yadda mutanen Adar ke cewa horon raƙumi ko na doki, saboda horo yana nuna haƙuri da maimaitawa, yana kuma nuna cewa mai yin sa ma yana koyo. Bindigar sifirin tana motsi kafin ƙwayar ta bar bututu, don haka ba a damƙe ta da ƙarfi, ana ɗora ta ne a tafin hannu a wuri guda kowane lokaci. Wani abokin harbi ya kawo shawarar a ce "sabon hannu", yana nufin sabawa, sai dai a rubuce kowa zai karanta shi da ma'anar ɗan koyo. "Horon bindiga" ya isa. A lokacin horon nan kada a kuskura a harba ta babu ƙwaya a ciki, domin fistan zai bugi ƙarshen silinda ba tare da iskar da za ta tare shi ba.

Aiki na biyu ne ya fi jawo gardama. Wasu dattawan maharba sun ce "auna" ko "bara", amma waɗannan aikin mai harbi ne a duk lokacin da ya ɗaga bindiga, alhali abin da muke nema aiki ne da ake yi wa bindigar kanta, har inda ido ya duba da inda ƙwaya ta faɗa su haɗu a wani nisa da aka zaɓa. Kalmar "saiti" ta daɗe a bakin Hausawa, kowa ya san ta, saboda haka ina ganin "daidaita saiti" ce ta fi dacewa, nisan da aka zaɓa kuma a kira shi "nisan saiti". Dole ne a riƙa faɗin nisan, domin ƙwayar ba ta tafiya a miƙe: tana fitowa daga ƙasan layin gani, ta ratsa shi, nauyinta kuma ya sake sauko da ita. Bindigar da aka daidaita a mita 10, wato nisan gasar Olamfik inda ake harba ƙwaya mai faɗin milimita 4.5, ƙwayarta ba za ta faɗa wuri ɗaya a mita 30 ba.

Ana harba ƙwaya biyar a takarda ba tare da taɓa komai ba, a duba tsakiyar ramukan, sannan a gyara. Wanda ke juya maɓallin gyaran saiti bayan kowane harbi kuskuren hannunsa yake bi. Idan saitin ƙarfe ne, wato ƙarafa biyu da ake dubawa ta kansu, ɗaya a bakin bututu ɗaya a baya, na baya ake matsarwa zuwa inda ake son ƙwayar ta koma. A yawancin madubin hange da ake ɗorawa a kan bindiga kuwa, ƙas ɗaya na maɓalli, wato ɗan juyi ɗaya da ake jin ƙararsa, yana matsar da wurin faɗuwa kimanin milimita 7 a mita 100, wanda bai kai milimita ɗaya ba a mita 10, shi ya sa gyaran santimita 2 a wannan nisa yake cin ƙas kusan 30. A zaɓi lokacin da iska ta kwanta, domin ƙwayar da nauyinta bai wuce rabin giram da kaɗan ba iskar hunturu tana kaɗa ta sosai.

Saura kalma ɗaya. Idan aka sauya irin darma, ko sukurorin da ke riƙe madubi suka saki saboda girgizar sifirin, wurin faɗuwa yakan kauce. Ina ganin mu ce "saiti ya goce", a fara duba sukurori kafin a sake taɓa maɓalli.