Linka yana ɗauko laburaren x86 a ginin aarch64: shin faci ne mafita?

Ɗalibin Linux:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina harhaɗa wata tsohuwar manhajar C a kwamfuta mai firosesa nau'in x86_64 domin ta yi aiki a na'ura mai firosesa nau'in aarch64, da kayan aikin da na gina da crosstool-NG (manhajar gina kayan harhaɗawa don wata na'ura daban). Kwamfaila (mai juya rubutun C zuwa harshen na'ura) yana kammala aikinsa lafiya, amma da an zo haɗa fayiloli sai linka (manhajar da ke haɗa su) ya tsaya, ya ce "file in wrong format" game da wani laburare da ke /usr/lib, a wani wurin kuma ya ce "multiple definition". Shin in yi wa binutils, tarin kayan aikin da linka yake ciki, faci (gyaran rubutun manhaja) ne?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa binutils tukuna, domin linka gaskiya ya faɗa maka: an miƙa masa laburaren kwamfutarka maimakon na na'urar da kake nufi. Yawanci pkg-config, mai nuna inda laburarori suke, ne ke jawo haka, saboda haka ka saita PKG_CONFIG_LIBDIR da PKG_CONFIG_SYSROOT_DIR su nuna cikin sysroot ɗinka, wato folda mai ɗauke da laburarorin na'urar da kake nufi. Sannan ka buɗe fayilolin .la da libtool, mai taimakawa wajen gina laburare, ya bari, ka duba layin dependency_libs, inda sau da yawa za ka tarar an rubuta /usr/lib ƙarara. Ni dai share su nake yi idan laburaren ba na tsaye (static, wanda ake cusawa cikin manhajar) ba ne, ban taɓa ganin amfanin lallaɓa su ba.

Malama Injiniya:
Na yarda da Malam, sai dai kuskure na biyun, wato "multiple definition", daban yake. Tun daga kwamfailan GCC 10 na shekarar 2020, -fno-common ya zama tsarin asali, don haka duk variable (ma'ajin ƙima mai suna) da aka ayyana a fayil ɗin .h ba tare da extern ba zai maimaitu a kowane fayil ɗin .o. Ƙara -fcommon zai wuce da kai yau, amma a nan ne faci yake da muhalli, kuma manhajar za a yi wa, ba kwamfaila ba: ka sa extern a .h, ka ayyana variable ɗin a fayil ɗin .c guda.

Ɗalibin Linux:
Na gode, Malam da Malama, ginin ya kammala. Haɗin ne kawai yake jan lokaci. Ko linkan nan mai suna gold zai taimaka?

Tsohon Hannu:
An daina kula da gold, har binutils 2.44 ya ayyana shi a matsayin wanda za a cire. Ka gwada linkan lld ta hanyar -fuse-ld=lld, wanda GCC ya san shi tun daga 9, amma ka tabbata ld.lld yana inda kwamfailanka yake nemansa.