Dekin ɗina a Abaqus, duk sanda na rage raga sai sakamako ya canza

ɗan_rodi:
Salam injiniyoyi. Aikin mastas nake kan yadda dekin kankare mai rodi yake yi idan nauyi ya faɗo masa bagatatan, wato a saki ƙarfe daga sama ya daki tsakiyarsa. Abaqus Explicit nake amfani da shi, manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yadda gini yake yi in nauyi ya hau shi, kankaren CDP na sa masa (tsarin lissafin lalacewar kankare), na yanka shi ƙananan tubala irin C3D8R, rodin kuma ƙananan sanduna irin T3D2 na binne shi a ciki. Dekin mita 2 a kan mita 2, kauri 150mm, rodi Y12 (mai kaurin 12mm) a ƙasa. Da raga 25mm (wato girman ƙananan tubalan da na yanka dekin a kwamfuta) lanƙwasar tsakiya daban, na mayar 10mm sai ta ƙaru kuma tsagewar ta taru a layi ɗaya siriri kamar an ja da reza. Malamina ya ce in kawo sakamakon da ya tsaya, to ai baya tsayawa. Wa ya taɓa shiga wannan?

Injiniya_Bichi:
Wslm ƙanina. Ba kwamfutarka ba ce, yadda ka shigar da ƙarfin ja na kankaren ne. In ka ba shi a matsayin sitires da sitiren (ƙarfin da yake ɗauka da yadda yake miƙewa), to da zarar ya tsage duk lalacewar taruwa take a jeri ɗaya na ragar, in jerin ya ƙanƙance kuzarin da ake kashewa wajen buɗe tsagar ma raguwa yake, shi ya sa kana rage raga dekin yana ƙara zama rago. Wannan tsohuwar magana ce, Hillerborg ya yi aiki a kanta tun 1976, Bažant da Oh suka zo da nasu 1983. Koma ka zaɓi GFI (wato ka ba shi da kuzarin karyewa) ko ka ba shi da faɗin buɗewar tsaga, kuzarin karyewar ka ɗauko a kundin ƙa'idojin kankare na fib Model Code 2010. Sai ka gwada raga 25, 15, 10mm ka gani ko sun matso kusa da juna.

Maryam_MB:
Ƙari kan na oga, duba ALLAE ɗinka (kuzarin bogi da Abaqus ke ƙarawa don hana tubalan murɗewa) ka kwatanta da ALLIE (jimillar kuzarin cikin dekin), C3D8R in aka dake shi a wuri ɗaya yana iya murɗewa na ƙarya, in ALLAE ya haura kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na ALLIE kar ka yarda da sakamakon. Sannan in milimita kake aiki nauyin kankare 2.4e-9 ne (tan/mm³), ba 2400 na kg/m³ ba, Abaqus ba ruwansa, duk abin da ka ba shi haɗiyewa yake.

Malam_Sule_K:
Ni inda nake ja shi ne, ko ragar ta tsaya ba shi ke nuna daidai ne ba. Kankare in aka dake shi da sauri ƙarfinsa ƙaruwa yake, na ja ma ya fi na matsi ƙaruwa nesa ba kusa ba, ka sa wannan? Kuma duka mai sauri sau da yawa ba lanƙwasa yake kawowa ba, huda dekin yake ya ɓallo ƙasansa. Da ni ne manhajar LS-DYNA zan koma, in sa tsarin kankarenta na MAT_072R3 ko MAT_159. Amma kafin nan nemi gwajin Zineddin da Krauthammer na 2007 a Amurka, sun saki nauyi a kan dekin na gaske, fara maimaita nasu tukuna.

ɗan_rodi:
Na gode ƙwarai. Nauyin daidai yake Hajiya, ALLAE ne ban duba ba. Malam Sule LS-DYNA kam ba mu da lasisi, kuma raga 10mm ɗin ma kwana take yi in ba a ɗauke wuta ba. Zan iya yanka dekin kashi huɗu in yi aiki da ɗaya?

Injiniya_Bichi:
Yanka, tunda dukan a tsakiya yake kuma jingina iri ɗaya ce ta kowane gefe. Amma ƙarfen ma raba nauyinsa huɗu.