Rumbun bayanai na PostgreSQL ya kusa cika, kuma ya yi nauyi

Tambaya: Jama'a, rumbunmu ya kai terabait 2, faifan ya cika kashi 85 cikin ɗari, rahotannin wata kuma suna jan ƙafa. Mu ƙara faifai ne ko mu sauya sabar?

Amsa ta 1: Malam, fara duba iostat, manhajar da ke nuna yawan aikin da faifai ke yi. Idan jiran faifai ne matsalar, koma faifan SSD na NVMe masu sauri, ka haɗa su RAID 10, wato tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, kowanne da kwafinsa. Shi kuwa RAID 5, wani tsarin haɗa faifan, yana cinye saurin rubutu saboda lissafin da yake yi a kowane rubutu. Ware pg_wal, wurin da PostgreSQL ke fara rubuta canje-canjen da aka yi wa bayanai, a faifansa daban.

Amsa ta 2: Kafin ka kashe kuɗi, duba autovacuum, aikin da PostgreSQL ke yi da kansa na share matattun layuka, wato tsofaffin layukan da aka goge ko aka sabunta. Matattun layuka ke kumbura tebur. Amma VACUUM FULL, umarnin da ke sake rubuta teburin cikin sabon kwafi don rage girmansa, yana kulle teburin gaba ɗaya, kuma yana buƙatar ƙarin wuri daidai girman sabon kwafin.

Amsa ta 3: Raba manyan tebura wata-wata, rahotanni su koma wata sabar da ke riƙe kwafin rumbun.