Karkanda ko Muhammadu Dikko? Yarona ya ƙure ni a bakin fili

Baban Sadiƙu:

Salamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka riga ni sanin garin nan su fitar da ni kunya. Ran Lahadi na ɗauki yarona Sadiƙu, ɗan aji biyar, na kai shi kallon Katsina United karon farko. Mun tari Napep a Ƙofar Ƙaura, na ce wa mai shi "Karkanda", bai ko waiwayo ba ya ja. Muna sauka yaron ya ji wani na cewa filin Muhammadu Dikko, sai ya riƙo rigata ya ce, "Baba, ko ɓata muka yi? Kai fa Karkanda ka ce." Na ce duk ɗaya ne. Ya ce to Sarki Dikko ne ya gina shi? Na ce a'a. Ya ce to wa? Nan fa na saya mishi rake don bakinsa ya samu aiki.

Ni a Kaduna na tashi, aiki ya maido ni gida a 2014, na tarar an riga an gina filin. Don Allah wa ya fara ginin, yaushe sunan ya canja, kuma me ya haɗa Sarki Dikko da wasa? Na yi mishi alkawarin amsa kafin Juma'a.

Tsohon Gola:

Wa alaikumus salam. Ɗana, yaronka ya yi tambayar manya, Allah Ya raya shi.

Sai ka fara daga 1987. Ran 23 ga Satumba na shekarar Janar Babangida ya cire mu daga Jihar Kaduna, Katsina ta zama babban birnin jiha. To jiha sabuwa komai sai ta nema: sakatariya, gidan gwamnati, gidajen ma'aikata, har da filin wasa da za a nuna wa baƙo. A zamanin gwamnan soja John Madaki aka ɗora aikin Karkanda, farkon shekarun 1990. Lokacin ina tsare raga a ƙungiyar unguwarmu, kuma wallahi mun sa rai mu ne za mu buɗe shi. Har gardama muke da abokina wa zai fara taka ciyawar.

Sai aiki ya tsaya. Madaki ya tafi a 1992, farar hula suka zo, soja suka dawo, aka sake komawa farar hula a 1999, wurin na nan kango. Ni a gefen wurin na koyi tuƙa Vespa, ta wani yayana, don babu mota babu mutane, in ka faɗi ba mai yi maka dariya sai awaki. Na tuna ranar da na murɗa mata wuta da yawa, ta kwashe ni ta zuba cikin ƙarangiya. Awa guda na yi zaune kan wani bulo ina cire ta ɗaya-ɗaya daga wandona, ina kallon rodin da ya yi tsatsa yana nuna sama. Har na yi aure, na haifi 'ya'ya huɗu, gwiwa ta hana ni tsalle, ba a buga ƙwallo ko ɗaya a ciki ba.

Gwamna Ibrahim Shema ne ya tada aikin ya kammala, wajen shekara ashirin bayan an fara. Ana lissafa shi da ɗaukar mutum 35,000. Ranar da na fara shiga na zauna, abokin nan nawa da muke gardama ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Shi ya sa bakina bai iya sabon sunan ba. Shekara ashirin ina cewa "in an gama Karkanda".

Malama Uwani:

Baban Sadiƙu, bar min ɓangaren Sarki, tarihi nake koyarwa a sakandare.

Sunan ya canja a 2016, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Muhammadu Dikko kuwa ya yi sarautar Katsina daga 1906 zuwa 1944, ka ga ya rasu da kusan shekara hamsin kafin a haƙa harsashin filin. Durɓin Katsina ne kafin Turawa su naɗa shi, kuma daga kansa sarauta ta koma gidan Sulluɓawa: shi, sai ɗansa Usman Nagogo, sai Muhammadu Kabir Usman, sai Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman. A 1921 ya je Hajji kuma ya je Ingila. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Abin da ya haɗa shi da wasa doki ne, ba tamaula ba. Shi ya kafa wasan folo a Katsina, 'ya'yansa da fadawansa suka riƙe shi, Nagogo ya zama ɗan wasan da har ƙasashen waje aka san shi. Saboda haka in za ka ba yaron amsa ta gaskiya, ka ce mishi wasan Dikko yana Filin Folo. Ka kai shi can lokacin gasa ya ga yadda doki ke juyawa da mahayi cikin ƙura, sannan da Sallah ka tsaya da shi a Kangiwa, gaban Ƙofar Soro, ya ga hawa. Zai fi gane dalilin sunan da idonsa.

Af, ka gaya mishi karkanda dabbar dawa ce, ƙatuwa mai ƙaho a hanci. Na taɓa tambayar aji guda, mutum 60 da ɗoriya, ɗaya ce kawai ta sani. Sauran duk suka ce min "filin ƙwallo ne, Malama".

Ɗan Chanji:

Baba Tsohon Gola, Allah Ya ƙara lafiyar gwiwa. Amma kun yi ta maganar gini da sarauta kun bar masu filin.

Ƙungiyar nan tamu a da Spotlights ake kiranta. A 2016 ta koma Katsina United, shekarar da filin ya canja suna, ta hau babbar gasar ƙasa aka fara da ita a kakar 2017. Laƙabinta na Chanji Boys ma kowa ya san iskar da ke kaɗawa lokacin, ba sai na faɗa ba kar a ce na kawo siyasa.

Abin da mutane ke mantawa: kafin tamu ta hau, baƙi ne suka fara ɗumama mana kujerun. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, da rikicin Boko Haram ya hana su wasa a gida, sun yi Kano a 2014, daga 2015 suka dawo Katsina suka mai da Karkanda gidansu. Ni nan na fara ganin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan ido da ido, ba a rediyo ba. Muna yi wa El-Kanemi ihu kamar tamu. Akwai wani Babarbare mai sai da hula a kasuwa da muke zama tare, duk ƙwallon da suka ci sai ya miƙe ya cire hularsa ya ɗaga, ya zauna bai ce uffan ba. Wata rana na ga yana share ido da bakin riga, na yi kamar ban gani ba.

Sannan ka gaya wa Sadiƙu, a 2019 Ikechukwu Ezenwa yana golan Katsina United aka tafi da shi gasar cin kofin Afirka a Masar, inda Najeriya ta zo ta uku. A jerin sunayen Super Eagles an rubuta Katsina a gaban sunansa. A 2022 muka faɗa ƙaramar gasa, amma ba mu kaɗai ba, da Kano Pillars muka faɗi, a 2023 kuma muka dawo tare. Kanawa sun ce mu muka bi su, mu muka ce rakiya suka yi mana.

Na Ƙofar Guga:

Ni fa ban ga abin da sunan Karkanda ya yi ba da za a cire shi. Dikko na da abubuwa da sunansa, kuma ba wanda zai manta da shi a Katsina ko ba fili. Karkanda kuwa kaf ƙasar nan mu kaɗai ke da shi, baƙo na ji ya san ina ake nufi.

Malama Uwani:

Ɗan'uwa, ai ba a cire shi ba, a takarda kawai aka sauya. Gwada tare mai Napep ka ce Muhammadu Dikko, sai ya tambaye ka wanne. Kuma sunan takardar ya yi aikinsa: ba don shi ba, da yaron nan bai tambayi ubansa wane ne Dikko ba, da ni ma ban sami bakin magana ba.

Tsohon Gola:

Malama ta yi gaskiya, Na Guga ma bai yi ƙarya ba. Ni dai roƙona ga masu zuwa kallo: a daina jifa da robar ruwa in alƙalin wasa ya busa abin da ba mu so. Tara ake ci, wani lokaci a hana 'yan kallo shiga, ko a kai ƙungiya wani gari ta yi wasan gida. Mu da muka jira shi shekara ashirin ba ma son ganin kujerun nan babu kowa.

Baban Sadiƙu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na karanta mishi duka. Labarin Vespa da ƙarangiya ya sa na maimaita sau uku, Baba, sai haƙuri, yanzu duk gidan an sani. Na nuna mishi hoton karkanda a waya, ya daɗe yana kallo ya ce ya kamata a zana ta a rigar 'yan wasa. Yanzu kuma ya tada sabuwar rigima, wai sai na kai shi Filin Folo. Malama, ana barin yara su matsa kusa da dawakin kafin a fara, ko daga nesa za mu tsaya?